Waƙar Wanda Aka Ci Da Yaƙi

Kowa ya san al'adar makaɗa da maroƙa, ko a nan ko a wata ƙasa: wanda ya ci nasara shi a ke yi wa waƙa. In sarki ya komo daga yaƙi da ganima, sai tambura su tashi, a yi ta kirari har gari ya waye. Wanda aka kora kuwa, in har ya sami shiga cikin waƙa, to, zambo ne ya kai shi. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba masu karatunmu, tun ba malaman makaranta ba, labarin wata waƙa ta mutanen Amurka wadda ta saɓa wa wannan al'ada, gama an sa ta ne a bakin wanda aka ci. Yau shekara hamsin da 'yan kai ke nan da fitowarta, amma har yanzu gardama ba ta mutu a kanta ba. Waɗansu sun ce kukan talaka ne wanda manya suka jefa cikin yaƙin da ba nasa ba. Waɗansu kuwa sun ce yabon masu bayi ne aka shafe da zuma don ya yi daɗin haɗiya.

Sunan waƙar da Turanci The Night They Drove Old Dixie Down, watau daren da aka kā da ƙasar Kudu. Ta fito a faifan garmaho cikin watan Satumba na 1969, daga wata ƙungiyar makaɗa biyar da a ke kira The Band. Irin kiɗansu shi ne Turawa ke ce wa kantiri rok. Asalinsa haɗin gambiza ne: an ɗauko waƙar manoma da makiyayan karkara, mai ba da labari a tsanake, an gama ta da kiɗan samarin birni mai ganga da jita ta lantarki. Abin mamaki, huɗu daga cikin makaɗan nan mutanen Kanada ne, har da Robbie Robertson wanda ya tsara waƙar. Shi kuwa uwarsa jinin mutanen ƙasar ce na asali, waɗanda Turawa suka tarar. Mutum ɗaya ne kaɗai ɗan Kudancin Amurka a cikinsu, shi ne Levon Helm, ɗan manomin auduga daga jihar Arkansas, kuma shi ne ya rera waƙar yana buga ganga. Robertson ya faɗa cewa sa'ad da ya fara ziyartar garin su Helm yana saurayi, ya ji uban Helm yana cewa Kudu za ta sāke tashi wata rana, maganar nan kuwa ta zauna masa a zuciya shekara da shekaru. Helm kuma ya rubuta cikin littafinsa na 1993 cewa shi ya kai abokinsa laburare don ya karanta tarihin yaƙin kafin ya tsara baitocin.

To, kada mai karatu ya ruɗe in ya ji muna cewa Arewa da Kudu, na Amurka mu ke nufi. Tsakanin ƙarshen 1860 da tsakiyar 1861 jihohi 11 na Kudu suka ɓalle suka kafa tasu gwamnati, suka mai da birnin Richmond hedkwatarsu. Abin da ya raba su da Arewa shi ne bauta. A ƙidayar 1860 akwai bayi baƙar fata kusan miliyan 4 a ƙasar, galibinsu suna noman auduga da taba da rake a gandayen Kudu, masu gandayen kuwa suka ga zaɓen Abraham Lincoln alama ce ta ƙarshen dukiyarsu. Aka yi shekara huɗu ana gwabzawa, mutum fiye da 600,000 suka mutu, sa'an nan aka ci Kudu a 1865. Dixie laƙabin ƙasar Kudu ne. Masana sun rabu a kan asalinsa: waɗansu sun danganta shi ga Dixon, ɗaya daga cikin Turawan safiyo biyu da suka shata iyakar Pennsylvania da Maryland, waɗansu kuwa ga wata takardar kuɗi ta dala goma ta Louisiana mai rubutun Faransanci.

Mai ba da labari a waƙar wani mutum ne da aka ƙaga, sunansa Virgil Caine. Ba sarki ba ne, ba kuwa jarumi ba. Ma'aikacin reluwe ne a hanyar Danville, har ran da sojan doki na Janar Stoneman suka tumɓuke hanyar. Ya tuna yunwar ƙarshen yaƙi, da faɗuwar Richmond. Daga baya ga shi ya koma gida Tennessee wurin matarsa, yana faskare, kuɗin hannunsa ba su sayen kome. A baiti na ƙarshe sai ya faɗi abin da ke cinsa tun farko, watau ɗan'uwansa mai shekara 18 wanda sojan Arewa ya kashe. Baiti uku ne da amshi, a cikin minti uku da rabi an gama. Amma kowace kalma an ɗora mata kaya.

Mu fara da jirgin ƙasa. Wanda bai san tarihi ba zai ce an zaɓi Danville ne don sunan ya yi daɗin faɗi. Ba haka ba ne. Hanyar nan mai tsawon mil wajen 140 ita ce igiyar da ta rage wadda ke riƙe da Richmond a ƙarshen yaƙi, ta nan hatsi da harsashi ke shiga birnin da sansanin Janar Robert E. Lee. Ran 2 ga Afrilu 1865, da aka ga ba makawa, shugaban Kudu Jefferson Davis da ministocinsa ta kan wannan hanya suka gudu, suka mai da Danville mazaunin gwamnati na mako guda. Ashe ke nan mutumin da ke aiki a jirgin nan, a kan jijiyar wuyan ƙasarsa ya ke aiki. Sojojin Arewa kuwa sun ƙware wajen ɓata hanyar jirgi: su tara katakan hanya su cinna wuta, su ɗora ƙarafan dogo a kai har su yi ja, sa'an nan su murɗe su yadda ba mai iya miƙe su. Abin da waƙar ke nunawa shi ne, a ran da aka yanke hanyar, Caine ya rasa aikinsa da abincinsa da ƙasarsa gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a garin da tasha ce ke ciyad da shi ya san abin da a ke nufi in jirgi ya daina zuwa.

Akawu mai son lissafi zai ɗaga mana hannu a nan, gama waƙar ta ambaci ran 10 ga Mayu tare da faɗuwar Richmond, alhali kuwa sojan Arewa sun shiga birnin tun ran 3 ga Afrilu, Lee kuma ya miƙa wuya a Appomattox ran 9 ga wannan wata. Mu dai ba mu ɗauki wannan kuskure ba. Ran 10 ga Mayu aka kama Jefferson Davis a jihar Georgia, watau ran nan ne gwamnatin Kudu ta ƙare sarai. Ban da haka, talakan da ke ba da labarin masifa ba ya riƙe kwanan wata kamar magatakarda. Abubuwa biyu uku su kan haɗe masa su zama dare guda, kuma daren nan guda shi ne sunan waƙar.

Sai sunan mutumin, wanda a ganinmu shi ne mabuɗin kome. Virgil sunan wani mawaƙin Rumawa ne na zamanin dā, wanda babbar waƙarsa ta tashi daga labarin birnin Troy da aka ƙone, da waɗanda suka tsira suka fita da 'yan komatsansu. Caine kuwa a kunnen Bature daidai ya ke da sunan Ƙabila ɗan Annabi Adamu, wanda ya kashe ɗan'uwansa Habila. Ga kuma wani abu: da Turanci sunan ya yi kama da kalmar rake, abin da a ke shukawa ya tashi, kuma suna da wata karin magana inda tā da Ƙabila ke nufin tā da fitina. Mai waƙar ya yi wasa da ma'anonin nan duka a baitinsa na ƙarshe, inda Caine ya yanke ƙauna daga sāke tashi. Wannan ita ce amsar da Robertson ya ba uban abokinsa. Tsohon ya ce Kudu za ta tashi, waƙar kuwa ta ce wanda aka binne an binne shi.

Amma me ya sa aka ba wanda aka kashe wa ɗan'uwa sunan mai kisan ɗan'uwa? Nan ne zurfin ya ke. Yaƙin basasa ne, kowa Ƙabila ne ga wani. Jihar Tennessee da aka zaɓa masa ita ce ta ƙarshe da ta ɓalle, cikin Yuni 1861, mutanen gabashinta masu zama kan duwatsu kuwa yawancinsu ba su yarda da ɓallewar ba, dubbai daga cikinsu suka shiga sojan Arewa. Har rundunar Stoneman ɗin nan da ta taso daga gabashin Tennessee a ƙarshen Maris 1865, ta bi ta North Carolina da kudu maso yammacin Virginia tana ƙone gadoji da tashoshi, akwai ƙungiyoyin 'yan Tennessee a cikinta. Watau mai yiwuwa ne wanda ya tumɓuke hanyar Caine maƙwabcinsa ne. Sunan nan yana ɗora wa mai kuka rabonsa na laifi, ko da ya ke shi da bakinsa bai amsa ba.

A baiti na biyu matar Caine ta kira shi ya zo ya ga Robert E. Lee yana wucewa. Masu sauraro sun daɗe suna jayayya ko Janar ɗin ne da kansa, ko kuwa wani jirgin ruwa ne mai hayaƙi da aka sa wa sunansa, wanda aka ƙera a 1866, ya yi ta kai da kawowa a kogin Mississippi, kogin da ya bi ta yammacin Tennessee. Lee dai bayan yaƙi ya zauna a Virginia, ya zama shugaban wata kwaleji a Lexington har ya rasu a 1870. Mu mun fi son fassarar jirgin, gama ta fi ɗaci: babban jarumin da aka mutu dominsa ya zama suna a jikin jirgin fatake, yana wucewa, talaka na tsaye bakin gaɓa da gatari. Ko wanne ne dai, abin lura shi ne Caine bai ce uffan a kan Lee ba. Bai yi masa kirari ba, bai zage shi ba. Sai ya koma maganar faskare da kuɗi.

Kuɗin nan ma ba ado ba ne. Gwamnatin Kudu ta buga takardun kuɗi ba iyaka don ta biya soja, tsada ta hau har a Afrilu 1863 matan Richmond suka fasa kantuna suna neman burodi, bayan yaƙi kuwa takardun suka zama ganye. Caine ya ce duk wannan ya jure. Abin da bai yafe ba shi ne an ɗauke mafi kyawun abin da su ke da shi. To, wa ya ɗauke? Waƙar ba ta faɗa ba, kuma da gangan ne. Mai saurin fassara zai ce sojan Arewa ne da suka washe rumbuna. Amma baitin da ke biye ya nuna abu mafi kyau ɗin saurayin nan ne, wanda ya ɗauke shi daga gona kuwa gwamnatinsa ce. A Afrilu 1862 Kudu ta kafa dokar ɗaukar soja tilas, a Oktoba ta ƙara da cewa duk gandun da ke da bayi 20 za a bar Bature ɗaya a gida ya tsare su. Galibin Turawan Kudu ba su da bawa ko ɗaya, sai ga shi ɗan mai gandu na iya zama gida, ɗan mai fartanya na bakin dāga. Talakawan lokacin sun gane haka, sun yi ta gunaguni cewa yaƙin mai kuɗi ne, jinin kuwa na matalauci. Mu tuna kuma shekarar da waƙar ta fito. A 1969 Amurka na yaƙi a Bietnam, ana ɗibar samari tilas, wanda ke jami'a a ɗaga masa, ɗan leburan da bai sami shiga ba a tura shi. Samarin da suka sayi faifan nan ba su bukaci a fassara musu mutuwar yaro mai shekara 18 ba.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu a gefen masu kāre waƙar ya ke. Yanzu sai mu ji ɗaya gefen, gama wanda ya ji ƙara ɗaya ya yanke hukunci ba alƙali ba ne. Cikin baitocin nan uku babu inda aka ambaci bawa. Mutum miliyan 4 waɗanda a kansu aka yi yaƙin, ba a ba su ko kalma guda ba. Masu suka sun ce wannan shirun ba sabo ba ne. Tun 1866, da wani ɗan jarida na Richmond mai suna Edward Pollard ya buga littafinsa a kan yaƙin, manyan Kudu suka shiga gina wani labari mai daɗin ji: wai don mutunci da 'yancin jihohi suka yi faɗa, yawan mutane da makamai ne kawai aka fi su. Alhali kuwa mataimakin shugabansu Alexander Stephens ya faɗa a bainar jama'a cikin Maris 1861 cewa harsashin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai ya ke da Bature ba. Da wannan labari mai daɗin ji aka kafa gumakan janar-janar a dandalin garuruwa, da shi kuma aka danne jikokin bayi har aka yi dokar daidaita haƙƙin jama'a a 1964. Waƙar ta fito shekara guda bayan an harbe Martin Luther King. Masu suka suna tambaya, a irin wannan lokaci, don me za a tara jama'a su yi kuka don wanda ya yi wa masu bayi jigilar harsashi?

Tambayar tana da nauyi, ba mu kuwa ga amfanin kauce mata ba. Sai dai akwai wuri guda da mu ke ganin masu suka ba su tsaya sun saurara ba, shi ne amshi. A amshin ana kaɗa ƙararrawa, jama'a suna waƙa, waƙar tasu kuwa ba ta da kalmomi, murya ce zalla. Su wane ne ke waƙa a daren da aka ci Kudu? Tarihi ya ba da amsa. Da labarin faɗuwar Richmond ya isa biranen Arewa, ƙararrawa aka yi ta kaɗawa. A cikin Richmond kanta, sojoji baƙar fata suna cikin waɗanda suka fara shiga, washegari kuma da Lincoln ya taka titunan birnin da ƙafa, bayin da suka sami 'yanci ne suka kewaye shi suna murna. Saboda haka ana iya cewa bayin suna cikin waƙar, su ne muryar da Caine ke ji daga nesa bai gane abin da ta ke faɗa ba. Daren da ya zama masa makoki, sallar waɗansu ce. Kiɗan ma ya taimaki wannan fassara, gama baitoci suna tafiya da nauyi kamar mai ɗauke da gawa, amshi kuwa sai ya buɗe ya yi sama.

Ba za mu ce lalle wannan Robertson ya nufa ba, kuma ba mu ce ta wanke waƙar tas ba. Abin da mu ke gani shi ne, waƙar ba ta yabi bauta ba, ba ta yi wa wani janar kirari ba, ba ta kuma yi alkawarin ramuwa ba. Laifinta na mai ba da shaida ne wanda ya faɗi gaskiyar abin da idonsa ya gani, ya yi shiru a kan abin da ke bayansa. Malamin da zai karantad da ita, wajibi ne ya karantad da shirun tare da ita. In ya bar almajirai da hawayen Caine kaɗai, ya ba su rabin tarihi, rabin da ya fi sauƙin haɗiya.

Yadda waƙar ta yi yawo a bakunan mutane ma abin dubawa ne. A 1971 wata zabiya mai suna Joan Baez ta sāke rera ta, tata kuwa ta fi ta asali kasuwa, har ta kai ta uku a jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka. Baez ba mai goyon masu bayi ba ce ko kusa: ta yi waƙa a babban taron Martin Luther King na Washington a 1963, mijinta kuma an ɗaure shi a 1969 don ya ƙi shiga soja. Ita waƙar ƙin yaƙi ta ji. Amma da ya ke da kunne ta koya daga faifai, ba ta ga rubutun ba, sai ta sauya waɗansu kalmomi. Sunan Stoneman ya ɓace mata gaba ɗaya. Manomi mai gadon gonar ubansa ya zama ma'aikaci kawai. Inda Caine ya rantse da taɓon da ya ke tsaye a kai, ita sai ta sa jini. Kalmomin biyu sun yi kama a Turanci, amma tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. Mai rantsuwa da jini yana neman fansa. Mai rantsuwa da taɓo kuwa manomi ne wanda ba abin da ya rage masa sai ƙasar da aka binne ɗan'uwansa a ciki, gobe kuma ita zai huɗa.

The Band sun rera ta a taronsu na ban kwana a San Francisco ran 25 ga Nuwamba 1976, wanda Martin Scorsese ya ɗauka a sinima, mutane da yawa kuwa suna cewa Helm bai taɓa rera ta kamar daren nan ba. Bayan haka zumunci ya lalace tsakaninsa da Robertson. Helm ya yi ta ƙorafi cewa waƙoƙinsu aikin gayya ne amma suna da kuɗi suka tafi wurin mutum ɗaya, Robertson kuma ya tsaya a kan cewa shi ya tsara su. Helm ya rasu a 2012, Robertson a 2023. A tsakanin rasuwar su biyu ƙasar ta sāke buɗe tsohon miki: a Agusta 2017 aka yi tarzoma har da kisa a Charlottesville a kan gunkin Lee, a 2020 wani saurayin mawaƙi ɗan Alabama mai suna Early James ya rera waƙar bayan ya sauya baitocinta don su juya wa tsohuwar Kudu baya, aka yi ta muhawara a jaridu ko gyara ya yi ko ɓarna. Ran 8 ga Satumba 2021 aka sa ƙugiya aka sauke babban gunkin Lee da dokinsa daga dandalin Richmond, inda ya ke tsaye tun 1890, jama'a kuwa sun taru a wurin suna ta waƙa.